Ƙofa da Jakada: Labarin Iyakar Zazzau ta Yamma, 1878 zuwa 1903

Birnin Gwari tana yamma da Zariya, cikin daji mai duwatsu da rafuka. Daga arewa ƙasar Katsina da ta Zamfara sun yi iyaka da ita, daga kudu da yamma kuwa ƙasar Kamuku ce da Kwantagora. A zamanin da babbar hanyar fatake ta nan ta bi. Ayarin da ya taso daga Kano da kanwa da tufafi ya kan biyo ta Zariya, ya ratsa Birnin Gwari, ya ƙetare Kwara, ya nufi Gwanja inda a ke saro goro. Cikin shekarar 1826 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya bi wannan hanya za shi Sakkwato. Ya rubuta cewa ya tarad da babban gari mai ganuwa, wanda da can ya ke bin Katsina, amma a sa'an nan yana cikin ƙasashen da suka yi wa Sakkwato tawaye.

Garin da ke bakin iyaka irin wannan, zaman lafiyarsa ba a hannunsa kaɗai ya ke ba. Yana rataye ne ga abin da a ke faɗi a fadar sarakunan da ke kewaye da shi, da kuma mutanen da ke kai magana daga wannan fada zuwa waccan. In an zaɓi masu kai maganar nan don amfanin ƙasa, sai a kashe wuta tun tana ƙarama. In kuwa an zaɓe su don a gyara wata rigima ta cikin gida, ko don a saka wa wani da alheri, to, ran da maƙiyi ya taso ba a samun mai magana da murya ɗaya. Abin da ya sami Zazzau da maƙwabtanta ke nan cikin shekara 25 na ƙarshen mulkin Sakkwato.

Ƙofa, Jakada da Magaji

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san sunayen masu kai magana na wancan zamani, gama ba duka aikinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne ƙofa. Ko wane sarki da ke bin Sakkwato yana da wani babba a fadar Sarkin Musulmi wanda ta hannunsa wasiƙunsa da gaisuwarsa su ke shiga, ta bakinsa kuma umurni ya ke fitowa. Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Kano da Zazzau. Galadiman Sakkwato shi ne ƙofar Katsina. Magajin Rafi shi ne ƙofar Bauci. In Sarkin Zazzau ya rasu, Waziri ne ke tasowa da takardar naɗi, ya zo ya naɗa sabo.

Na biyu shi ne jakada. Hakimai a sa'an nan a birni su ke zaune kusa da Sarki, garuruwansu kuwa suna warwatse nesa. Saboda haka ko wane hakimi ya kan aiki baransa ko bawansa ya je ya karɓo haraji, ya kai saƙo, ya kawo labari. Wannan shi ne jakada.

Na uku shi ne wakilin da a ke zaunarwa dindindin a wata ƙasa. Zazzau tana da ƙasashen kudu masu binta, kamar su Keffi da Nasarawa da Jama'a. A Keffi Sarkin Zazzau ya kan ajiye wakilinsa mai sarautar Magaji, don ya zama idonsa da kunnensa, ya kuma tabbata gaisuwa ta isa Zariya.

Birnin Gwari ba ta cikin ƙasashen da Sarkin Zazzau ke mulki. Tsohuwar dangantakarta da Katsina ce. Watau tana tsakanin manya huɗu, Zazzau da Katsina da Kwantagora da Sakkwato, kowa na iya taɓa ta, amma ba wanda tsaronta ya zama masa tilas.

Gidajen Sarauta na Zazzau

Tun da Malam Musa ya ci Zariya zamanin jihadi, sarautar Zazzau ba ta zauna gida ɗaya ba. Akwai Mallawa, zuriyar Malam Musa. Da Barebari, zuriyar Yamusa. Da Katsinawa, zuriyar Abdulkarimu. Sa'an nan da Sulluɓawa, waɗanda suka taɓa yi sau ɗaya. Ko wane sarki ya hau, sai ya tuɓe mutanen wanda ya gada, ya naɗa nasa. Wannan ya ba Sakkwato hanyar sa hannu, domin ko yaushe akwai gidan da ke jiran Waziri ya zo ya dube shi.

Sarakunan Zazzau sun ɗanɗana ƙarfin ƙofarsu. Sidi Abdulƙadiri, ɗan Malam Musa, ya hana Waziri shiga birni, bai cika shekara bisa gado ba aka tuɓe shi. Sarki Abdullahi na gidan Barebari ya kai wa Keffi yaƙi, Sarkin Musulmi ya aiko ya janye, ya ƙi, aka tuɓe shi. Daga baya aka mai da shi, aka kuma sake tuɓe shi. Daga nan kowa ya gane cewa rawanin Zazzau a hannun Waziri ya ke.

Sarki Sambo da Galadimansa

Cikin 1878 aka naɗa Sambo na gidan Katsinawa. Amma Sakkwato ba ta bar shi ya zaɓi manyan fadarsa yadda ya so ba. Aka umurce shi ya raba manyan sarautu tsakanin sauran gidajen, don kada wani ya yi fushi. Sarautar Galadima kuwa ta faɗa hannun wani Bahaushe mai dukiya da jama'a, ana ce da shi Sulaimanu. Nufin Sakkwato shi ne a daidaita gidaje. Abin da ya fito kuwa shi ne Sarki mai rawani, ba shi da ƙarfi, gama dawaki da bayi da garuruwa suna hannun waɗanda ba su ga dalilin taimakonsa ba.

A wannan lokaci maƙiya biyu suna matsa wa Zazzau. Daga arewa akwai mayaƙan Maraɗi, watau zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe waɗanda jihadi ya kora. Daga gabas kuma akwai Ningawa, masu saukowa daga duwatsunsu su kama mutane su koma. Galadima Sulaimanu yana son sarauta, ya kuwa san in dai ta hanyar gado ce ba zai samu ba. Sai ya ƙulla magana a ɓoye da Haruna na Ningi. Asirin ya tonu kafin a ci birni, aka rufe ƙofofi, amma Ningawa suka share ƙauyukan da ke kewaye, suka tafi da mutane masu yawan gaske. Cikin 1888 Sarkin Musulmi ya tuɓe Sambo saboda ya kasa tsare ƙasa. Galadima kuwa ya zauna da sarautarsa. Wanda aka ɗaure wa hannu shi aka hukunta don bai yi dambe ba.

Yero na gidan Barebari ya gaje shi. Ya ga abin da ya sami Sambo, saboda haka ya tara bayi, ya saya musu bindigogi, ya kafa rundunar 'yan bindiga wadda ba ta jin maganar kowa sai tasa.

Basasar Kano da Hawan Kwasau

Cikin 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu. Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin. Yawancin manyan Kano suna son Yusufu, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman yana ƙaunar Tukur ɗan Bello, saboda jaruntakar da ya nuna a yaƙin Argungu. Ya umurci Waziri ya naɗa Tukur, Waziri ya naɗa. Yusufawa suka fita suka tafi Takai, yaƙi ya tashi. Yusufu ya rasu a Garko, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jama'a, ya ci Kano cikin 1894. Tukur ya halaka cikin 1895. Ƙarshenta dole Sakkwato ta yarda da sarkin da ba ita ta naɗa ba.

Wannan abu ya rage kwarjinin Waziri ƙwarai. Da, in ya zo da takarda magana ta ƙare. Yanzu kowa ya ga ana iya mai da takardar da takobi.

Da Yero ya rasu cikin 1897, Waziri Buhari ya zo Zariya, zuciyarsa na kan wani dabam, domin bisa al'ada sarauta ta kan koma wani gida. Amma Kwasau ɗan Yero, wanda ke riƙe da sarautar Madaki, ya gaji 'yan bindigar ubansa. Aka nuna wa Waziri a fili cewa in ba Kwasau ba, to, a shirya wa yaƙi. Waziri ya tuna da Kano, ya naɗa Kwasau. Kwasau ya sami gado, amma ya ɓata da ƙofarsa. Wanda ya ƙwaci rawani daga hannun Waziri, da wuya ya koma gare shi neman gudummawa.

Sarkin Sudan

Yanzu sai a juya yamma, wajen dajin Birnin Gwari. Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne. Sa'ad da ɗan'uwansa Ahmadu ya zama Sarkin Musulmi cikin 1859, ya ba shi sarautar Sarkin Sudan. Ya kafa Kwantagora cikin 1864, ya rasu cikin 1876. Ɗansa Ibrahim ya hau cikin 1880. Arzikin Kwantagora bayi ne, bayin kuwa daga ƙasashen Gwari da Kamuku da Kambari a ke kamo su. Ko wace rani Ibrahim ya kan fita, ya ƙone gari, ya kwashe mutane. Kafin ƙarnin ya ƙare yaƙinsa ya kai Birnin Gwari, ya fasa ta, ba a sami wanda ya tare shi ba. Gonaki suka koma daji, hanyar fatake ta zama abin tsoro.

Me ya hana a tsawata masa? Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1891 zuwa 1902, shi ma ɗan Abubakar Atiku ne. Watau baffan Ibrahim ne. A Sakkwato kuwa sarauta tana yawo tsakanin gidan Bello da gidan Atiku, ko wane gida na bukatar 'ya'yansa masu ƙarfi da dukiya. Duk wanda zai kai ƙarar Sarkin Sudan, ɗa zai kai ƙara wurin uba. Katsina kuma tana fama da Maraɗi, Zazzau tana fama da kanta. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba wanda ya shafa, har wutar ta ƙetare daji.

Zuwan Nasara

Ana cikin haka Turawa suna matsowa ta ko'ina. Cikin 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a kan takarda, suka raba ƙasar Hausa tsakaninsu, ba tare da an tambayi ko sarki ɗaya ba. Faransawa suka ci Damagaram cikin 1899, suka kashe Rabe cikin 1900. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ta da tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shela cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Ingila. Ya aika wa Sarkin Musulmi da takardar shelar, ba a ba da amsa ba. Ya kuma ajiye soja a Wushishi, a bakin ƙasar Kwantagora.

Cikin Janairu 1901 sojan Lugga suka ci Kwantagora, wata na biye suka ci Bida. Ibrahim ya tsere da jama'arsa. Lugga ya rubuta wa Sarkin Musulmi, ya ce ya zaɓi wanda za a naɗa a Kwantagora. Wannan roƙo tarko ne. In Abdurrahman ya zaɓi wani, ya yarda ke nan Nasara na da ikon tuɓe sarki, sarkin ma ɗan ɗan'uwansa. In ya yi shiru, a ce ya ƙi zumunci. Ya yi shiru.

Ibrahim kuwa da ya rasa garinsa, sai ya ratsa daji ya yi gabas, ya sauka wajen iyakar Zazzau da Katsina, ya shiga kama talakawan Zazzau, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Abin da Birnin Gwari ta sha jiya, yau ya iso ƙofar Zariya. Kwasau ya duba gabas ya duba yamma. Sakkwato ba ta murna da shi, mai harin kuwa ɗan gidan Sarkin Musulmi ne. A cikin birni Mallawa da Katsinawa suna jiran faɗuwarsa. Sai ya aika wa Nasara su zo su taimake shi.

Suka zo da sauri. Farkon 1902 suka kama Ibrahim, suka tafi da shi. Amma ba su koma ba. Suka kafa bariki kusa da Zariya, aka ajiye Razdan, Kyaftin Abadie, wanda Hausawa suka sa wa suna Mai Jimina. Ana gudun gara an tad da zago. Da Sarkin Zazzau ke ajiye Magaji a ƙasar wani, yanzu ga wani ya ajiye nasa magajin a ƙofar Sarkin Zazzau. Cikin watan Mayu na wannan shekara Lugga ya ba da labari cewa wasiƙa ta zo masa daga Abdurrahman, mai cewa ba abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Ya riƙe wannan magana, ta zama masa hujja daga baya.

Magajin Keffi

A Keffi kuwa Magaji Ɗan Yamusa ya riga ya fi Sarkin garin ƙarfi. Jarumi ne, yana da dawaki, yana kai hari kudu yana kamo bayi. An aike shi ya zama idon Zariya, ya zama sarki a kan kansa. Turawa suka ajiye nasu Razdan a Keffi, Kyaftin Moloney, wanda a ke kira Mai Launi. Ga wakilai biyu a gari ɗaya, ko wanne na ganin shi ne mai iko, ba kuwa mai jin harshen wani. Maganarsu duka ta bakin tafinta ta ke bi, wani mai suna Audu Timtim, wanda mutane da yawa suka ɗora wa laifin juya magana.

Ran 3 ga Oktoba 1902 Mai Launi ya zo ƙofar fada, ya aika a kira Magaji. Magaji ya ɗauka kama shi za a yi. Ya fito bisa doki, ya kashe Mai Launi, aka kashe tafintan kuma, sa'an nan ya yi arewa. Da ya isa Kano Sarki Aliyu ya karɓe shi da girma. Cikin wannan shekara Turawa suka ɗauke Kwasau daga Zariya, suna tuhumarsa da haɗa kai da Kano. Wa aka ba riƙon gari kafin a naɗa sabon sarki? Galadima Sulaimanu, wanda ya taɓa kiran Ningawa.

Cikin Oktoban nan kuma Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. Manyan Sakkwato ba su daidaita bisa shawara ɗaya ba: waɗansu na cewa a yi yaƙi, waɗansu a yi sulhu, waɗansu a yi hijira. Sarkin Kano ya tafi Sakkwato gaisuwa da yawancin dawakinsa. Yana can, Kanar Morland ya taso daga Zariya, ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Waziri Buhari ya komo ya yi sulhu don ya tsare jama'ar da ta rage. Attahiru ya yi gabas, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli 1903, Magajin Keffi na cikin waɗanda suka faɗi tare da shi. A Zariya aka naɗa Aliyu ɗan Sidi na gidan Mallawa. Ibrahim kuwa, wanda harinsa ya jawo Nasara Zazzau, cikin 1903 ɗin nan suka mai da shi gadon Kwantagora, ya zauna har ya rasu cikin 1929.

Abin Lura

Ba wanda zai ce da an gyara naɗin ƙofa da Magaji da Nasara ba su ci ƙasar ba. Suna da igwa da bindiga mai ruwa, sarakuna kuwa yawancin makamansu mashi ne da baka. Amma hanyar da suka bi suka shigo, mutanen gida ne suka share ta. An naɗa Galadima don a daidaita gidaje, ya kira Ningawa. An aiki Waziri ya naɗa wanda Kanawa ba su so, kwarjininsa ya zube. An ƙyale Sarkin Sudan don ɗan gida ne, ya kori Kwasau zuwa hannun Nasara. An bar Magaji ya fi ƙarfin wanda ya aike shi, ya jawo wa Kano yaƙi. Waɗanda suka fara biyan bashin kuwa su ne talakawan bakin iyaka, tun shekaru kafin manyan birane su ji a jikinsu.

Daga baya Turawa suka sa Birnin Gwari cikin Lardin Zariya, da En'enta na kanta, ba ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Cikin 1936 aka keɓe wani yanki na dajin ya zama gandun daji, cikin 1999 ya zama Gandun Kamuku na Gwamnatin Tarayya. Amma zaman bakin iyaka bai sake ba, gama nan ne jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara da Neja suka haɗu. Bayan shekarar 2010 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da dajin maɓoya, in an kore su daga wannan jiha su faɗa waccan, kamar yadda mahara suka yi a da.

Maganar zaɓen manzo ma ba ta tsufa ba. Sa'ad da soja suka tuɓe Shugaba Bazoum na Nijar ran 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Tinubu na Nijeriya ke shugabanta a lokacin, ta yi kurarin kai yaƙi. Mutanen Arewa suka ƙi, domin Katsina da Maraɗi 'yan'uwa ne, Majalisar Dattawa kuma ba ta goyi bayan yaƙi ba. Da aka tashi aika manzanni Yamai, sai aka zaɓi Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'adu Abubakar, mutanen da a ke jin maganarsu a ɓangarorin iyakar duka biyu. Ba a sasanta kome da kome ba, amma ba a yi yaƙin ba.

Manzo aminin ƙasa ne kafin ya zama aminin wanda ya naɗa shi. Allah ya ba shugabanni mashawarta na gari, ya zaunar da Birnin Gwari da maƙwabtanta lafiya, amin.